Jagorar Zaɓen Safa Mai Ƙarko Ga Mai Sa Takalmin Bakin Ƙarfe

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan al'amarin da wasu za su ga bai kai a ɓata tawada dominsa ba, shi ne yawan ganin da nake yi wa samari sababbin kama aiki, a masana'antun Sharaɗa da Bompai, da wuraren gine-gine, da rumfunan maƙeran Panteka, waɗanda idan aka ba su takalmin aiki mai bakin ƙarfe, wanda ma'aikata ke kira sefti, sai su karɓa da murna su zura shi a kan duk safar da hannu ya kai gare ta, ko ta zuwa masallacin Juma'a, ko ta buga ƙwallo, wani ma ƙafa tsirara. Kafin wata ya ƙare sai ka tarar babban yatsa ya leƙo ta huda, diddige ya yi bororo, mutum yana ɗingishi yana tsine wa takalmin da bai yi masa laifin komai ba. Daga nan mafi munin abu yake biyowa, domin da zarar heluma ya ba da baya sai yaro ya tuɓe takalmin ya koma wa silifa, a wurin da ake ɗaga rodi da bulo da gangunan mai.

Asalin mas'alar guda ɗaya ce, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa reshenta ne. Takalmin fata na yau da kullum yana saki, yana bin ƙirar ƙafar mai shi bayan 'yan kwanaki, amma ƙoƙon da aka dasa a bakin takalmin aiki, na ƙarfe ne ko na alminiyam ko na haɗin roba mai tauri, an ƙera shi ne takanas don kada ya saki har abada. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 20345 ta sharɗanta cewa ƙoƙon nan ya jure bugun da ya yi daidai da nauyin kilo 20 ya faɗo daga tsayin kamar mita 1, ya kuma jure dannin da ya kai kimanin tan ɗaya da rabi. Abin da ya jure wannan ba zai gusa wa yatsarka ko da faɗin gashi ba. Ashe ke nan safa ce kaɗai take tsakanin nama da ƙarfe, ita ke shan guga a kowane taku, kuma ƙarkonta bai rataya ga kaurinta ba kamar yadda akasarin mutane ke zato, ya rataya ne ga irin zarenta da yadda ta zauna a cikin ɗan filin da ƙarfen ya bari.

Kayan da za ka tanada

Takalmin aikin kansa, domin da shi za ka tafi kasuwa.
Abin yanke farce.
Ashana, don gwajin zare.
Kuɗin safa ƙafa uku aƙalla, wato hagu da dama sau uku.
Sabulu mai sauƙi, da allura, da zare, da ƙaramin ludayi don gyaran huda.

Mataki na ɗaya: fara da takalmin da ƙafar

Kafin ka tuhumi kowace safa da rashin ƙarko, zura hannunka a cikin takalmin har ƙarshe, ka shafa bangon ƙoƙon ta sama da ta gefe. Idan shafin da aka lulluɓe ƙarfen da shi ya yage, gefen ƙarfen ya bayyana, to ko safar da ta fi kowace tsada ka sa sai ya cinye ta, kuma wajibi ne ka kai wa baduku ya manna fata mai laushi a wurin, ko kuwa a sauya takalmin. Ka shafa wurin diddige ma, gama a nan shafi yake fara lalacewa. Sa'an nan ka ciro shimfiɗar ciki ka kaɗe yashi da ɓurɓushin ƙarfe da suka taru a ƙarƙashinta, saboda ƙwayar yashi da ta shiga tsakanin zare tana yanka shi sannu a hankali ba tare da ka sani ba.

Bayan takalmi sai farce. Mafi yawan hudar da ke fitowa a kan babban yatsa daga ciki take farawa, domin farce mai tsawo yana danna zare a jikin ƙarfe, ƙarfen kuwa ba ya ja da baya. Yanke farce yana cikin sunnonin fiɗira da muka taso a kansu, sai dai a nan ka yanke shi miƙe, kada ka ƙwaƙule gefuna har ya koma yana shiga nama, sa'an nan ka goge kaifin bakinsa. Mai kaushi da faso a dunduniya kuma ya riƙa gogewa yana shafa mai da dare, musamman a lokacin hunturu, domin kaushi yana kama zare yana fizgarsa.

Mataki na biyu: san zaren da aka saƙa ta da shi

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan ake asarar kuɗi. Tafin ƙafa yana daga cikin sassan jiki mafi yawan gumi, takalmin aiki kuwa rufaffe ne, fatarsa mai kauri, bakinsa ba ya shigar da iska, saboda haka duk gumin da ƙafa ta fitar daga safe zuwa la'asar a cikin safa yake zama. Fatar mutum idan ta jiƙa tana laushi, gugar da ke tsakaninta da zare tana ƙaruwa, daga nan bororo yake tasowa, kuma a cikin wannan ɗumi da laima ne cin ruwa ke kama tsakanin yatsu.

Auduga tamu ce, mun san daɗinta a riga da wando, kuma ba mai musun cewa ita ta fi dacewa da zafinmu a jikin da iska ke bugawa. Amma a cikin rufaffen takalmi hukuncinta dabam ne, gama tana shan ruwa ta riƙe, ba ta saurin bushewa, idan ta jiƙa sai ta kwanta ta manne da fata ta yi ninki, kuma zarenta ba ya jure guga kamar na nailan. Safar auduga zalla ita ce mafi arha a tebur, ana sayar da ita dozin dozin, ita ce kuma mai saurin mutuwa a bakin ƙarfe.

Gashin tumaki, wato ulu na ainihi, mutane da yawa na gudunsa bisa zaton kayan sanyi ne kawai, alhali kuwa yana da wata siffa da babu ita a sauran zaruruwa: yana iya shan laima har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi jiƙe ba, yana da tsalle wanda ke sa ya koma yadda yake bayan an taka shi, kuma ba ya saurin ɗaukar wari. Mafi laushinsa shi ne na tumakin Merino, waɗanda asalinsu daga ƙasar Sifen ne, yau kuma Ostareliya ce ta fi kowa kiwonsu. Siririyar safar Merino ana iya sa ta ko da bazara. Aibinsa biyu ne, tsada da kuma cewa shi kaɗai ba ya jure guga, shi ya sa masu saƙa ke haɗa shi da nailan.

Nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a shekarar 1935, shi ne ƙashin bayan ƙarko, domin a cikin zaruruwan da aka saba saƙa safa da su babu wanda ya kai shi jure guga. Foliyesta ba ta shan ruwa sosai, tana bushewa da wuri, sai dai tana riƙe wari, wanda duk ya taɓa zama kusa da mai ita bayan an tuɓe takalma ba ya bukatar hujja. Akirilik kuwa kwaikwayon ulu ne, yana da laushi da ɗumi da arha, amma yana saurin yin ƙurajen zare ya kwanta. Kuma yawancin abin da ake miƙo maka a kasuwa da sunan ulu shi ne. Sai zaren roba mai miƙewa, wanda aka fi sani da sunan Lycra, wanda kaɗan ake sawa don safa ta kama ƙafa.

To idan an rubuta haɗin a jikin takardar, abin da na fi zaɓa wa mai tsayuwar yini shi ne rabi ko fiye na ulu, kamar sulusi na nailan, da ɗan kashi 2 zuwa 5 na roba. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, kuma su ne mafi yawa, ya nemi haɗin foliyesta da nailan, ko auduga da aka cuɗanya da su sosai, ya ƙudurta a ransa cewa zai riƙa sauyawa a tsakiyar yini. A tarin gwanjo na kasuwar Ƙofar Wambai da makamantanta akan dace da safunan ulu na ƙwarai da suka fito daga ƙasashen sanyi, a farashin da bai kai na sabuwa ba. Wanda ya saya ya ɗaga diddigen ga hasken rana ya duba ko ya sirance, ya kuma wanke ta sarai ya busar kafin ya sa.

Idan babu takarda, ko kana shakkar abin da aka rubuta, ashana za ta raba gardama. Ka zaro ɗan guntun zare daga cikin safar, da izinin mai kaya, ka koma gefe nesa da tarin tufafi ka kunna masa wuta. Ulu yana ƙaurin gashin da aka babbaka, ba ya son kama wuta, abin da ya bari kuma yana murƙushewa a tsakanin yatsu. Auduga tana ci da sauri da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Nailan da foliyesta da akirilik kuwa narkewa suke yi su dunƙule su zama ƙwallo mai tauri, kuma kada ka taɓa shi sai ya huce.

Mataki na uku: duba irin sana'arka

Gwajin ashanar nan yana koyar da wani abu da ya fi ciniki muhimmanci. Mai walda, da maƙeri, da mai zubin alminiyam, da duk wanda tartsatsi ke zubo wa ƙafa, bai kamata ya sa safar da galibinta nailan ne ko foliyesta ba, domin tartsatsi idan ya faɗa ta bakin takalmi zaren zai narke ya manne da fata, ƙunar ta yi zurfi fiye da yadda za ta yi da a ce ulu ne ko auduga. A wajensu ƙarko ya koma matsayi na biyu. Su nemi mai yawan ulu, in babu su yi haƙuri da auduga mai kauri, su kuma sako ƙafar wando a kan takalmin, kada su cusa ta ciki.

Akwai kuma wani takalmi na musamman da ake ba masu aiki da abubuwa masu fashewa, wanda aka yi shi don ya zubar da wutar da jiki ke tarawa zuwa ƙasa. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta yi gargaɗi cewa kada a sa safar ulu ko siliki ko nailan da irin wannan takalmi, kada kuma a barbaɗa hoda a ƙafa, domin suna ɓata aikinsa. Wanda ke aiki a irin wannan wuri ya tambayi jami'in kiyaye haɗari na ma'aikatarsa kafin ya bi shawarar da na bayar a kan ulu.

Mai ciwon sukari kuma sha'aninsa ya fi na kowa bukatar kula, saboda ciwon yakan rage jin ƙafa, har mutum ya yini da rauni bai sani ba. Ya zaɓi safa marar tudun ɗinki, wadda bakinta ba ya shaƙe ƙwauri, mai haske a launi don jini ko ruwa ya nuna a jikinta, ya duba ƙafarsa kowane dare, in ya ga rauni ya nufi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Mataki na huɗu: juya ta ciki waje

Ɗan kasuwa yana nuna maka waje ne, kai kuma da ciki za ka zauna. Da ka juya ta, fara duban ɗinkin da ya rufe bakin yatsu. A safa mai arha za ka ga tudu kamar igiya ya gitta daga gefe zuwa gefe, da ƙulli a kowane ƙarshe. Wannan tudun yana sauka ne daidai ƙarƙashin ƙoƙon ƙarfe, inda babu wurin da zai gudu, sai ya yini yana cin bayan yatsu da gefen ƙaramin yatsa. Safar kirki ɗinkinta shafe yake, da ƙyar yatsa ke jin sa.

Sa'an nan dubi diddige da bakin yatsu, ka ga ko an ƙara musu zare, wanda sau da yawa launinsa ko kaurinsa yakan bambanta da sauran jiki. Ka tabbata tana da aljihun diddige da aka saƙa da lanƙwasa, domin akwai wadda ake yi miƙaƙƙiya kamar buhu, irinta ba ta zama wuri ɗaya, tana tattarewa a gaban idon sawu tana sirancewa a baya. A tafin kuma ana son saƙa irin ta tawul, mai ƙananan madaukai a cike. Ka buɗa su da yatsa, in ka hango ƙasan saƙar da sauƙi to madaukan ba su da yawa, kwana kaɗan za su kwanta. Daga ƙarshe ka zura hannu ka buɗe yatsunka, ka dubi yadda haske ke ratsawa: saƙa mai matsi da siririn zare ta fi saƙa sako-sako da kakkauran zare daɗewa, ko da ta biyun ta fi cika hannu.

Tsawon safar kuma ya kamata ya wuce bakin takalmin da kamar faɗin yatsu uku ko fiye. Guntuwar safa da samari ke so yanzu ba ta da gurbi a nan, domin bakin takalmin zai goge idon sawu, yashi kuma ya sami ƙofa. Bakin robar ka ja shi ka saki. In ka ji ƙarar tsinkewa, ko bai koma yadda yake ba, robar ta mutu tun a shago.

Mataki na biyar: gwada su tare

Ƙafa tana ɗan kumbura bayan tsayuwar yini, saboda haka gwajin la'asar ya fi na safe gaskiya. Ka sa safar, ka ga diddigenta ya zauna a kan diddigenka. In ya hau sama ta yi maka yawa, za ta yi ninki, in kuwa ya zame ƙarƙashin tafi ta yi kaɗan, zarenta a miƙe zai yini, zare miƙaƙƙe kuma shi ne mai saurin tsinkewa a kan farce. Kada ka yarda da maganar cewa girma ɗaya yana shiga kowa.

Sa'an nan ka sa takalmin, ka ɗaure igiyarsa har sama kamar za ka aiki, ka miƙe tsaye. Ya kamata yatsunka su iya motsi, a sami tazarar kamar santimita 1 ko ɗan fiye tsakanin mafi tsawonsu da bangon ƙoƙon. Ka tsuguna, ka taka matakala, ka ɗan bugi ƙasa da bakin takalmin. Idan gefen ƙarfen yana cizon bayan yatsu to safar ta yi kauri ga wannan takalmi, ka nemi siririya. Idan kuma diddige yana fita yana komawa to ta yi siranta, ko igiyar ta yi sako-sako, kuma wannan zamewar ita ce ke huda diddigen safa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya ji ƙarfe yana damunsa sai ya ƙara safa ta biyu mai kauri a kan ta farko don neman laushi, alhali filin da ya riga ya yi kaɗan ya ƙara ragewa, jini ya takura, farce ya yi baƙi. Ninka safa yana da amfani ne kawai idan ta ciki siririya ce mai santsi, kuma takalmin yana da sararin ɗaukar duka biyun.

Mataki na shida: alwala da sauyin rana

Ma'aikaci Musulmi yana tuɓe takalminsa lokacin azahar, sau da yawa da la'asar ma, domin malamanmu na mazhabar Malikiyya sun sharɗanta fata a kan abin da ake yi wa shafa, kamar huffi, ba su shigar da safar zare zalla ba. Wannan tuɓewa rahama ce ga ƙafa, tana shan iska tana wankuwa, amma da yawa suna mayar da ita cuta ta hanyar zura jiƙaƙƙiyar ƙafa a cikin safar da ta riga ta sha gumi, saboda saurin komawa bakin aiki. Ka ajiye ɗan ƙyalle a jakarka, ka tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, kuma a ranakun bazara da damina ka sauya safa busasshiya bayan azahar. Wajen sawa kada ka kama bakinta ka fizga. Ka tattaro ta zuwa yatsu, ka zura, ka warware ta zuwa sama, domin mai cirewa da sawa sau uku a yini da fizga yana kashe robar tun kafin zaren ya tsufa.

Mataki na bakwai: wanki da gyara

Kada a maimaita safa kwana biyu a jere ba wanki, domin gumi yana bushewa ya bar gishiri da ƙura a cikin zare, su kuma su riƙa cinsa. Wannan ne dalilin ƙafa uku: ɗaya a ƙafa, ɗaya a jaka, ɗaya a igiyar shanya. A juya ta ciki waje a wanke da ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan, gama ruwan zafi da dirza mai ƙarfi suna sa ulu ya tsuke ya daskare ba ya komawa. Ruwan bilic yana cinye ulu, yana kuma kashe roba, kada ya kusance ta. A matse ta a hankali ba tare da murɗawa ba, a shanya inda iska ke kaɗawa. Ɗora ta a kan janareta mai zafi ko bakin murhu, kamar yadda ake yi a wuraren aiki, yana ƙona robar. Takalmin ma a ciro shimfiɗarsa da dare a bar shi a buɗe, domin busasshiyar safa a cikin jiƙaƙƙen takalmi ba ta kai hantsi.

Gyara kuwa a yi shi tun wurin ya sirance, kafin ya zama rami. A zura ludayi a ciki don ya buɗe wurin, a bi da allura a jere ta tsaye, sa'an nan a ratsa ta kwance ana hawa ana sauka kamar saƙa, ba tare da ƙulli ba. Tattaro bakin rami a ɗaure shi wuri ɗaya ba gyara ba ne, domin ƙullin zai zauna a ƙarƙashin ƙarfe ya zama sabon ciwo. Safar da robarta ta mutu har tana zamewa cikin takalmi, ko madaukan tafinta suka shafe, ta gama aikinta a sefti, a mayar da ita tsumman goge inji.

Ina kira ga masu masana'antu da 'yan kwangila, waɗanda ke kashe kuɗi masu yawa wajen sayen takalman nan, da su riƙa haɗa wa kowane ma'aikaci da safa ƙafa uku masu kyau a ranar da suka miƙa masa takalminsa, su kuma bar shi ya gwada su tare kafin ya sa hannu a littafin sito. Kai kuma ɗan'uwa da za ka saya da guminka, ka sayi ƙafa ɗaya tukuna, ka yi aiki da ita mako biyu kana wankewa, in ta tsaya sai ka koma wurin mai ita ka ƙaro sauran.